Ranar Da Na Wanke Randar Baba Marsel

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da na gani a Faransa, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ranar da na naɗe hannun riga na yi wa mutanen da suka sauke ni aikin alheri. Har yau idan na tuna aikin nan sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Bari in fara gaya muku halina, don shi ya kai ni. Ni mace ce mai tsafta, irin tsaftar da ta wuce misali ta koma ciwo. A ƙauyenmu, can tsakanin Bici da Makoda, duk wadda ta ari kwano a gidana sai ta wanke shi ta sake wankewa kafin ta dawo da shi, ni kuma tana juya baya in ƙara nawa. Maigidana yakan ce shi ba ya daɗewa zaune a tsakar gida, don kada in haɗa shi da tukwane. (Da wasa yake faɗa, amma na lura da gaske ba ya daɗewar.)

Muna da ƙungiyar mata masu nono. Mu a wajenmu gona ta cinye ko'ina, babu dajin kiwo, shanunmu a turke suke, sai dai a yanko musu ciyawa a kawo har gida. Da damina madara ta yi mana yawa, ga maƙwabtanmu Fulani su ma suna kawo tasu, ba wuta, ba firji, kasuwa ta cika da nono har a rasa mai tayawa. Na sha ganin mace ta juye ƙwarya guda a bayan danga tana share hawaye. Da rani kuma a nemi na dama fura a rasa. To sai wata ƙungiya mai taimakon masu kiwo ta ce za ta kai mace ɗaya daga cikinmu wani yankin karkara a Faransa, inda suke mayar da madarar damina cuku ya shekara bai lalace ba. Amma da sharaɗi. Gidan da aka sauke ki, su ne za su yanke ko za su turo wani nasu ya zo ya koya mana a gida. In ba su ga dama ba, shi ke nan, kin sha yawo kin dawo da hotuna.

Matan suka ce ai Turawa mutanen tsafta ne, don haka ni za a tura. Ranar da zan tafi, Inna, uwar maigidana, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kada ki je ki naɗe hannu a gidan mutane kamar amarya. Abin da kika ga ya yi datti ki wanke, kada ki jira a sa ki. Da haka ake shiga ran mutane." Na ce to, Inna. Na cusa sabon soson ƙarfe a jaka, tsakanin yaji da kuka.

Yankin da aka kai ni tsaunuka ne kore shar, wai da can duwatsu ne masu aman wuta, suka mutu ciyawa ta rufe su. Gidajensu na baƙin dutse ne, hanyoyinsu kuma sai lanƙwasa suke. Sun ce lokacin zafinsu ne. Ni dai da rigar sanyi biyu nake kwana. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shanunsu ne: jajaye, masu dogayen ƙaho, sak na Bororo, sai dai kowace da ƙararrawa a wuya. Kuma ba sa sakin nono sai an kawo ɗan maraƙi ya fara tsotsa, sannan a ɗaure shi a ƙafar uwar a tatsa. Na ce ashe saniya ko a Turai halinta ɗaya.

Mai masaukina wani dattijo ne, Baba Marsel, gajere mai gashin baki, wanda zai yini bai yi magana goma ba. Matarsa Madam Odet tana fama da gwiwa, amma akwai fara'a. Sai 'yarsu Silbi, wadda ita ke tuƙa tarakta, ita ke ɗaga duk wani abu mai nauyi a gidan. Tafintanmu kuwa Malam Isuhu ne, wani ɗalibi mutumin Maraɗi, da ke zagaya gidajen da aka sauke baƙi, yau yana nan gobe yana can. Tun ranar farko ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya: tsohon nan ya riga ya ce shi ba inda za shi, ba kuma wanda zai tura, ya karɓi baƙuwa ne kawai don matarsa ta matsa masa. Na tuna matan da suka raka ni har tasha, na ce a raina, to Baba, mu zuba.

Matsalar ita ce ba su bar mini abin yi ba. In ɗauki tsintsiya, Madam Odet ta karɓe ta nuna mini wata na'ura. In tattara kwanuka, Silbi ta buɗe wani akwati ta jera su ta danna. Ko kayana ban samu na wanke da hannu ba. Ina zaune ana kawo mini burodi da dankali da cuku, ina ci ina jin kunya, maganar Inna tana yi mini yawo a ka.

A ɗakin da suke yin cukun ne na ga randar. Ni na sa mata suna randa, amma ta katako ce, an ɗaɗɗaure ta da ƙarfe kamar ganga, tsayinta ya kusa ƙirjina. A cikinta ake juye madara da zarar an tatso, a cikinta take kamawa, sannan a tsame a matse a yi waɗansu manyan cukui da sai ƙato zai iya ɗaga ɗaya. Ranar da aka fara shiga da ni ɗakin, Baba Marsel ya dafa randar nan ya yi dogon bayani, bayani mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa, Malam Isuhu yana fassarawa. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina cewa "na'am, na'am," alhali hankalina yana kan yatsun ƙafata da suka daskare. Abin da na kama kawai shi ne randar ta mahaifinsa ce.

Da suka juya baya na zura yatsa na shafo cikinta. Yauƙi! Wani irin santsi mai tsami ya lulluɓe katakon, ya yi masa launin ƙasa-ƙasa. Na sa ido kwana da kwanaki, na ga duk bayan sun gama aiki ba abin da suke yi mata sai ɗauraya da ruwan cukun nan, wato ruwan da ke fita idan madara ta kama, su ɗan goga sama-sama su kifa ta. Ba sabulu, ba ruwan zafi. Ga komai na ɗakin yana ƙyalli, ita kaɗai aka bari. Sai tausayi ya kama ni. Na ce ai dole, uwa ba gwiwa, uba ya tsufa, 'ya kuma tana kan tarakta, wa zai sunkuya ya kai ƙasan wannan abu?

Ku kuma kun san tarbiyyarmu. Ba ka buɗe baki ka ce wa mai masaukinka tukunyarsa ta yi dauɗa, wannan cin fuska ne. Sai dai ka faki idonsa ka wanke, ka mayar inda take, ka yi kamar ba kai ba. Shi ya sa ko Malam Isuhu ban tambaya ba. Na ga kamar in na tambaya na tona musu asiri.

Ranar Lahadi, bayan tatsar safe, aka gayyace su cin abinci gidan 'yan'uwa a wani ƙauye. Suka ce in zo, na dafe kai na ce ciwo yake. (Allah Ya yafe mini, kaina lafiyarsa ƙalau, shiri ne.) Motarsu tana ɓacewa na cire rigar sanyi, na ɗaure ɗankwali tamau, na dafa ruwa tukunya-tukunya. Na samo sabulun wanke-wanke mai ƙanshin lemo, na samo wani farin ruwa mai warin asibiti a ƙarƙashin famfo, na ciro sosona na gida. Na kwantar da randar na shige cikinta har ƙugu. Jama'a, na goge randar nan. Na bi tsaga-tsagan katakon da bakin cokali. Na sheƙa tafasasshen ruwa, na sake gogewa, ina yi ina 'yar waƙata ta daka. Ban bar ta ba sai da katakon ya fito fari tas, na mirgina ta waje na kafa ta a rana.

Har hoto na ɗauka. Na tura wa matan ƙungiyarmu a waya, na rubuta a ƙasa cewa 'yarku ba ta ba ku kunya ba. Kafin in ajiye wayar addu'o'i sun fara shigowa. Na yi wanka, na sa atamfata mai kyau, na zauna a bakin ƙofa ina gwada fuskar da zan yi idan sun fara godiya: a ɗan sunkuyar da kai, a ɗan yi murmushi, kada a nuna an ji daɗi da yawa.

Da la'asar suka dawo. Baba Marsel ne ya fara fitowa daga mota. Ya hango randar a rana, ya tsaya cak. Ya tako a hankali, ya leƙa ciki, ya shinshina, ya shafa katakon da tafin hannu. Sai ya cire hularsa ya zauna a ƙasa daɓas, a kan ciyawa, da kayansa na fita unguwa. Madam Odet ta toshe baki da hannu biyu. Ni kuwa da na ga idon tsohon ya kawo ruwa, sai na ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa. Na matso na ɗan durƙusa, na yi fuskar nan da na gwada, ina kaɗa hannu ina ce masa da Hausa, "Ba komai, Baba. Wallahi ba komai. Ai yi wa kai ne."

Silbi ce ta kira Malam Isuhu a waya, ta yi magana da sauri-sauri, ta miƙo mini.

"Hajiya, mi kinka aikata?" in ji shi.

Na ce, "'Yar randar nan na ɗan wanke musu."

"Da mi?"

Na lissafa masa. Ya yi salati. Sannan ya ce, "Hajiya, in za ki kwana da madara ta zama nono, mi kike zuba mata?"

Na ce ɗan ragowar nonon jiya mana, iri.

"To yauƙin nan shi ne irinsu. A jikin katakon yake zaune, tun zamanin uban tsohon nan. Shi ke sa madarar ta kama, shi ke ba cukun gidan ɗanɗanonsa. Ai shi ne bayanin da ya yi miki ranar farko, kina ta cewa na'am."

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba, kusa da Baba Marsel. Mu biyu muka sa randar a gaba muna kallo, tana ta ƙanshin lemo. Da a ce abin da ban sani ba ne, da da sauƙi. Ni da na tashi cikin nono, ni da zan iya faɗa da mace a kan ta taɓa mini ƙwaryar iri, ni ce na tsallaka ƙasashe na zo na kashe wa mutum irin ubansa da soson ƙarfe. Kunya ta rufe ni, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. A aljihuna kuma waya sai ƙara take, matan gida suna ta sa mini albarka.

Madarar yammacin nan ba a yi cuku da ita ba, haka ta washegari, haka ta kwanakin da suka biyo. Motar kamfani ce ta riƙa zuwa tana kwashewa a arha. Na shige ɗaki na ci kuka na ƙoshi. Na cire 'yan kunnena na gwal na kai wa Madam Odet, ta mayar mini da su a kunne da hannunta, tana girgiza kai. Baba Marsel bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya dai jiƙa randar da ruwan sanyi yana zubarwa, yana sake jiƙawa, har warin sabulun ya fita. Ni na riga na sallama. Tunanina kawai da wane baki zan gaya wa matan ƙauyenmu cewa ba mai zuwa, kuma ni na jawo.

Da Malam Isuhu ya zo, ya ce akwai magani ɗaya. Sai an roƙo ruwan cuku daga gidajen da ke da irin wannan randa, a riƙa jiƙa ta da shi kullum har wani sabon iri ya kama katakon. Kuma tsohon ya ce wadda ta wanke, da ita za a je roƙon.

Haka na zaga yankin nan kaf, yawon da ko tafintan namu bai yi ba. Kullum da safe mu shiga tsohuwar motar Baba Marsel da jarkoki a baya, mu hau tsauni mu gangara kwari. Kuma duk gidan da muka je labari ya riga mu isa. Kada wanda ya ƙara gaya mini cewa mu ne muka iya gulma. Wani dattijo yana hango mu ya ruga ya tsaya a gaban randarsa ya ware hannuwa. Wata mata ta fito da mijinta, wani ƙato mai gemu duk ciyawa, ta tura mini shi tana kwatanta guga da hannu, wai in taimaka mata da wannan. Nan ne na fara jin dariyar Baba Marsel. Ta fito masa kamar tari, har ya dafa mota.

Kowane gida kuma sai an shiga da ni ɗakin ƙasa inda suke ajiye cuku, wuri mai duhu da sanyi, cukui jere a kan katako, bayansu duk funfuna. (Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma na soke shi a hammata.) Sai a huda ɗaya a ciro ɗan siriri a ba ni in ɗanɗana, a tsaya ana kallon bakina. Da farko duk wari ɗaya nake ji. A hankali harshena ya buɗe: na wannan gida yana da ɗan ɗaci, na wancan kamar man shanu, na can saman tsauni har ƙanshin ciyawa yake. Inda mota ba ta kaiwa, in yi gammo da ɗankwali in ɗora jarka a ka in gangaro, Turawa suna ɗaukar hoto, Baba Marsel yana biye da ni yana ɗan ɗaga kafaɗa kamar shi ya koya mini.

Ana jibi zan tafi aka sake juye madara a randar. Muka kewaye ta. Madarar ta kama. Tsohon ya gutsuri kaɗan ya tauna ya daɗe yana taunawa, ya ɗaga kafaɗa ya fita. Malam Isuhu ya ce kada in yi murna tukuna, ba a sanin gaskiyar cuku sai ya yi watanni a ɗakin ƙasa.

Muka zauna cin abincin sallama. Can Baba Marsel ya goge gashin baki ya yi magana, Malam Isuhu ya juyo yana danne dariya.

"Ya ce shi ba za shi ba. Wai ba zai sake barin randarsa ita kaɗai ba muddin kina da rai."

Na sunkuyar da kai na ce ya yi gaskiya.

"Amma Silbi za ta je, in an mayar da shanu gida lokacin sanyi. Ya ce baƙi da yawa sun zo gidan nan sun kalli randar, ba wanda ya taɓa shiga cikinta. Ya ce rabin aikin cuku wanke-wanke ne, wannan kin iya. Ɗaya rabin, sanin abin da ba a wankewa, shi za ta je ta koya muku."

Na yi kuka, na yi dariya, na rasa wanda zan tsaya a kai.

A gida kuwa ban tsira ba. Na so in ɓoye, amma hoton yana wayar kowa, kuma dole in faɗi dalilin da ya sa na san gidaje da yawa haka. Tun daga ranar sunana ya koma Hajiya Soso. Inna ta ce ita dai datti ta ce in wanke, ba ta ce gadon mutane ba.

Silbi ta zo da rani, ta yi wata guda tare da mu, kuma daminar da ta biyo baya ba mace ɗaya a ƙungiyarmu da ta juye madara a bayan danga. Ta zo mini da yanki daga cukun farko na bayan wankin. Na ɗanɗana na ce ai ya yi daɗi. Ta ce e, ya yi, masu saye ma ba su ce komai ba. Amma babanta ya ce ba cukun mahaifinsa ba ne, wancan ya tafi ke nan. Wannan na maƙwabta ne gaba ɗaya, kuma yana nan yana saba wa bakinsa da shi. Na ajiye sauran yankin, na kasa ƙarasawa.

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka taimaki mutum, tambaye shi. Yanzu in na je gidan mutane na ga abu ya yi baƙi, sai in zauna a kan hannuwana in ce, wannan da gangan ne ko in ɗauko soso? Kuma ranar da Silbi za ta iso gidana, kafin in share ɗakin baƙi, sai da na fara ɗauke tandar wainata, wadda ta yi baƙi ƙirin, rabonta da sabulu tun tana hannun kakata. Na naɗe ta a tsohon zani, na tura ƙarƙashin gado, na kulle ɗakin. Yarinyar tana da kirki sosai, kuma irinsu ne abin tsoro.